Ƙyalle Tukuna, Sannan Fata: Shawarwari 13 Don Askar Gida Ta Daɗe Da Kaifinta

Ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Gaya da Ajingi. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala, daga Gaya suka taso neman tama, kuma sunan ɗayansu ne birnin Kano ya gada. Har gobe maƙera suna ƙera aska, wanzamai suna ɗaukarta a zabira suna zaga ƙauyuka, yau Toranke, gobe Balare, jibi gidan suna a cikin garin Ajingi. Sai dai a gidaje da dama askar da aka gada tana ƙasan adaka ta yi tsatsa, masu gidan kuwa suna sayen reza su yi aski ɗaya su yar, ko su zauna jiran a kawo wuta don a kunna kilifa.

Abin da ya raba mutane da aska shi ne zaton da suke yi cewa kullum sai an kai ta dutse. Alhali dutse cin ƙarfe yake yi, yawan kai aska gare shi yana rage mata kwana. Abin da ke riƙe kaifi yau da gobe ɗan ƙyalle ne da ɗan yankin fata, da hannu mai sauƙi, da tsabta. Magidancin da ya iya waɗannan zai yi shekaru da aska ɗaya, ya huta da sayen reza, ya kuma tsare iyalinsa daga cututtukan da ake ɗauka ta askar haɗaka. Ga yadda ake yi.

1. Ka san abin da aski ke yi wa bakin aska

Bakin aska mai kyau siriri ne ƙwarai, silin gashi ɗaya ya fi shi kauri sau ɗari ko fiye. Abu mai irin wannan sirantaka ba ya gama aski yadda ya fara shi. Gashi yana tanƙwara shi nan da can, kamar yadda ciyawa ke kwantawa inda aka taka, ruwa da sabulu da gumi kuma su bar masa tsatsar da ido ba ya gani. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba bakin reza da madubin ƙara girma mai ƙarfi, suka ga gashi yana ɓalle ƙananan giɓi a jikinsa, duk da cewa ƙarfen ya fi gashin tauri kusan sau 50. Abin ya fi faruwa idan gashin ya lanƙwashe ya haɗu da bakin a karkace.

Nan aikin kowanne ya fito fili. Ƙyalle yana share datti da danshi da tsatsar farko. Fata tana miƙar da bakin da ya kwanta, ta goge shi ya yi sumul. Giɓi kuwa, in ya riga ya fita, sai dutse.

2. Nemi jemammiyar fatar shanu mai santsi

Fatar da ta fi dacewa ita ce ƙirgi, wato fatar shanu da aka jeme da bagaruwa, mai ɗan kauri, mai fuska sumul. Jimar bagaruwa tana ba fata ƙarfi ba tare da ta yi taurin katako ba, kuma ba ta bar mata fenti a fuska. A wannan fanni ba mu da abin nema a waje: fatun da majeman Kano da Sakkwato suka jeme ne suka riƙa ƙetare Sahara har Turai, inda aka san su da sunan fatar Maroko.

Ka je wurin baduku, ko ka bi ta Kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai in ka shiga birnin Kano. Ka ce a yanko maka daga gadon baya, don fatar ciki tana miƙewa ta yi laushi fiye da kima. Tsawonta ya kai kamu guda, kimanin santimita 45 zuwa 50, faɗinta yatsu uku. Ka bi fuskarta da tafin hannu ido rufe. In ka ji tabo, ko tamoji, ko gurbin cizon kaska, a canza maka wata. Ka guji fatar da aka shafa wa fenti mai ƙyalli, da fatar roba ta jakunkunan kanti, da tsohon bel mai ɗinki ko huji, domin duk inda zare ko huji yake, nan bakin aska zai yi tuntuɓe.

Fatar akuya ma tana aiki, har ta fi taushi, amma siririya ce, don haka sai an manna ta a katako.

3. Ƙyallen ya zama mai ƙarfi, marar sitati

A Turai da lilin ake yin wannan ɓangare, wato yadin da ake saƙawa da zaren tsiron filas, saboda zarensa yana da ƙarfi da ɗan kaushi. A nan lilin na gaske yana da wuyar samu, kuma ba dole ba ne. Saƙin auduga na masaƙanmu, wanda aka buga shi ya matsu, yana yin aikin. Haka ma kanbas mai kauri, ko ƙafar tsohon wandon jins in an yanke ɗinkin an fitar.

Sharaɗi uku ne: zaren ya zama auduga ko lilin, saƙar ta zama a matse, fuskar ta zama babu ƙulli. Ka wanke shi da sabulu sau biyu don sitati da ƙura su fita, ka shanya shi a miƙe, ka goge da dutsen guga. Ka yanka shi daidai da girman fatar. In gefensa yana warwarewa, tela ya kashe bakin ta yadda ɗinkin ba zai tashi sama da fuskar ƙyallen ba.

4. Zaɓi tsakanin ratayewa da mannawa a katako

Hanya ta farko: baduku ya haɗa kan fatar da na ƙyallen wuri ɗaya, ya sa zobe ko madauki, ka rataya a ƙusa mai ƙarfi ko ƙarfen taga daidai ƙugunka. Ka riƙe ɗaya ƙarshen da hannun hagu ka ja ta miƙe. In ta yi ciki a tsakiya, za ta naɗe bakin askar ta dakusar da shi.

Hanya ta biyu: ka sami katako mai faɗin yatsu uku da kafinta ya fere ya yi sumul, ka manna fata a gefe ɗaya, ƙyalle a ɗaya gefen, da gam kaɗan da aka shimfiɗa daidai. Ka ɗora masa nauyi ya kwana. Ga mai koyo wannan ta fi, domin katako ba ya lanƙwasa, kuma ita ce ta fi dacewa da askar maƙera.

5. Kada aska ta hau ƙyalle da datti

Kafin komai, ka wanke askar da ruwa da sabulu, ka tsane ta da tsumma mai tsabta. Wajen tsanewa ka kama ta daga baya ka ja tsumman zuwa wajen baki, kada ka bi tsawon bakin da yatsa. Gashi guda ko ƙwayar yashi guda da ta maƙale a jikinta ta isa ta karce fatar, ta kuma karce bakin. Ruwa kuwa yana kumbura fata, in ta bushe ta yi tudu da kwari.

6. Ƙyalle tukuna, sannan fata

Kafin kowane aski, ka bi ƙyalle sau 15 zuwa 20, zuwa da dawowa a matsayin ɗaya. Daga nan ka koma fata ka yi sau 40 zuwa 50. Duka ba su wuce minti biyu ko uku ba in hannu ya saba. Hikimar wannan jeri ita ce duk abin da ke jikin ƙarfen ya tsaya a ƙyalle, wanda ake iya wankewa, fata kuwa ta sami baki mai tsabta ta gyara.

Bayan aski, in ka wanke ka tsane, ka ƙara bin ƙyalle kamar sau 10. Wannan yana kwashe ragowar danshin da tsumma bai kai gare shi ba, kuma a nan ne tsatsa ke fara kamawa cikin dare.

7. Baya ke gaba, baki yana bi

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma a nan ne masu koyo suka fi ɓata kayansu.

Ka kwantar da askar a kan fatar, bayanta da bakinta duka suna taɓawa. Ka tura ta ta yadda bayan ne ke gaba, bakin yana biyo shi. In bakin ya shiga gaba, fatar za ka yanka. Idan ka kai ƙarshe, kada ka ɗaga. Ka mirgina askar a kan bayanta, bakin ya yi sama ya zagayo ya kwanta ta ɗaya gefen, sannan ka jawo ta. Yatsu ne ke mirginawa, babban yatsa da manuni, wuyan hannu yana nan yadda yake. Wanda ya juya ta a kan baki sau ɗaya ya rushe aikin da ya yi tun farko.

Kada ka danna. Nauyin askar da ɗan abin da zai hana ta tashi ya isa. Dannawa tana sa fata ta tattaro ta rungume bakin, ya zama zagayayye, sai ka ga aska tana ƙyalli amma ba ta cin gashi. In askar ta fi fatar faɗi, ka riƙa tafiya a ɗan karkace, daga gindin baki zuwa tsininsa, don kowane sashe ya sami rabonsa.

Kada ka kwaikwayi saurin tsohon wanzami. Shekaru ne suka ba shi wannan hannun. Ka fara a hankali, kana sauraron ƙarar da take yi: in ƙarar zuwa da ta dawowa iri ɗaya ce, hannunka ya daidaita. Mai koyo zai iya fara gwaji da wuƙar cin abinci marar kaifi a kan tsohuwar fata har yatsu su saba da mirginawa.

8. Askar maƙera da askar kanti ba riƙo ɗaya ba ne

Askar da ke naɗewa cikin ƙotarta, irin wadda garuruwan Sheffield na Ingila da Solingen na Jamus da Thiers na Faransa suka yi suna da ita, tana da baya mai kauri da jiki mai ɗan rami. An ƙera ta ne ta yadda in ka kwantar da ita, kaurin bayan shi ne ke tsayar da bakin a kan daidai. Irin wannan ba a ɗaga bayanta ko kaɗan.

Askar maƙeranmu sau da yawa a shimfiɗe take, bayanta bai fi jikinta kauri sosai ba. Ka dubi ɗan gefen da maƙeri ya fere har ya zama baki. In ka kwantar da ita ka ga wannan gefen bai taɓa fatar ba, sai ka ɗaga bayan kaɗan, kimanin kaurin tsinken ashana, har ya zauna. Ka riƙe wannan ɗagawar iri ɗaya a zuwa da dawowa. In ka wuce haka, bakin zai dakushe.

Akwai kuma askar da ake tsaga reza biyu a saka mata rabi, wadda masu shagon aski ke amfani da ita. Ita ba ta buƙatar fata, ana canza rezar ne ga kowane mutum.

9. Gwada kaifi a gashi, ka kuma jiƙa gashin

Kada ka gwada aska a takarda, ko kara, ko farce bayan ka gama da fata, domin gwajin kansa zai kashe bakin. Ka bi da ita a hankali a kan gashin hannunka. In tana kwashe shi ba tare da ja ba, ta yi. In tana tsalle ko tana fizga, ka ƙara sau 20 a fata ka sake gwadawa.

Ka tuna rabin kaifin aska yana wurin gashin. Busasshen gashi yana da tauri, wanda ya sha ruwa kuwa ya fi sauƙin yanka nesa ba kusa ba. Ka jiƙa kai ko fuska da ruwan ɗumi da sabulu na minti biyu ko uku kafin ka fara. A nan ana cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma yawancin zafin askin ƙwal kwabo daga gaggawar jiƙo yake da askar da ba a bi da ita a fata ba.

10. Kula da fatar bisa yanayin shekara

Kullum kafin ka fara, ka goga tafin hannu mai tsabta a kan fatar sau da yawa har ta ɗan yi ɗumi. Wannan yana share ƙura, maiƙon hannu kuma yana ciyar da ita.

Da hunturu iska tana busar da fata har ta tsage, ƙurar da take ɗaukowa kuma tana da yashi mai karce ƙarfe. Ka lulluɓe fatar da tsumma in ba ka aiki da ita. In ka ji ta bushe, ka lakato man kaɗanya kaɗan, abin da bai wuce ƙwayar gero biyu ko uku ba, ka narkar a tafin hannu, ka shafa ko'ina daidai, ka bar ta ta kwana. Mai in ya yi yawa fata tana danƙo ta riƙe aska, kuma fitar da shi wahala ne. Baƙin mai da man goge takalmi ba su da wuri a nan.

Da damina abin tsoro fumfuna ce. Kada ka ɗaure fatar a leda, ka rataye ta inda iska ke ratsawa, nesa da bangon da ke jiƙa. In ta jiƙe, ta bushe a inuwa a shimfiɗe, ba a rana ko bakin murhu ba. A kowane lokaci kada a ninke ta, domin layin ninki ba ya ɓacewa. A kuma nisanta ta da ɓera da gara.

Ƙyallen kuwa, in ya yi baƙi, alama ce yana aikinsa. Ka wanke shi da sabulu da buroshi, ka ɗauraye sosai, ya bushe sarai kafin ya koma kusa da fatar.

11. In ka yanki fatar, gyara ta nan take

Kusan kowane mai koyo sai ya yanki fatarsa. In ɗan yanka ne, ka datse abin da ya tashi da reza, ka bi wurin da sanfefa mai laushi ƙwarai har ya daidaita, sannan ka share shi sosai da tsumma mai ɗan danshi don kada ƙwayar sanfefa ta saura. In yankan ya ɗago ɓawo mai faɗi, ka sa ɗigon gam a ƙarƙashinsa da tsinke, ka danne, ka goge abin da ya fito. In ya yi zurfi a tsakiya, ka mai da wannan fatar ta wuƙaƙen kicin, ka yanko sabuwa.

12. San ranar da fata ta gaza

In ka bi ƙyalle da fata yadda ya kamata amma aska tana ci gaba da ja, bakin ya gaji. Kafin dutse akwai matakin tsakiya: ka sami wani katako dabam mai ƙyalle ko fata, ka shafa masa farin alli ko koren sinadarin goge ƙarfe da masu walda da masu goge kayan ƙarfe ke amfani da shi, ka bi sau 5 zuwa 10, ka wanke askar, ka koma fatar kullum. Kada wannan sinadari ya taɓa fatar kullum, domin in ya shiga ba ya fita.

In wannan bai yi ba, ko ka hango giɓi a bakin in ka ɗaga shi ga haske, sai dutsen washi. Dutsen da ake wasa adda da lauje da gatari ya yi wa aska kaushi. Duwatsun kanti suna da lamba: 1000 na gyaran bakin da ya lalace ne, 4000 zuwa 8000 na kammalawa. A kan dutse, saɓanin fata, baki ne ke gaba, kuma da ruwa ake yi. Askar mutum ɗaya da ake kula da ita takan yi watanni ba ta ga dutse ba. In ba ka saba ba, ka kai wa wanzami ko maƙeri, ka zauna ka kalli hannunsa.

13. Aska ɗaya, mutum ɗaya

Aska tana fitar da jini ko da ido bai gani ba. Ciwon hanta nau'in B da nau'in C da ƙanjamau duk suna bin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Fata ba a dafa ta, ba a jiƙa ta a magani. Saboda haka askar da ta taɓa kan wani kada ta hau ƙyallenka ko fatarka sai an wanke ta an kashe mata ƙwayoyin cuta. Goga aska a tafin hannu ana tsakiyar aski ma al'ada ce da ya kamata a bari, don kare mai askin da wanda ake yi wa.

Abin da ya fi shi ne kowane baligi a gida ya mallaki askarsa, a sa mata alama a ƙota. In za ka wurin wanzami, ka tafi da taka. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba, sana'arsa hannunsa ce.

In dole aska ta tashi daga wani zuwa wani, ga jerin: a wanke da sabulu, a bi ƙyalle da fata in da buƙata bayan an kashe mata ƙwayoyin cuta, sannan a ƙarshe a tafasa ta minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, a tsane ta nan da nan don kada ta yi tsatsa. Tafasawa ce ta ƙarshe, domin in aka mai da ita kan fata bayan haka an ɓata tsabtar. Askar maƙera ta ƙarfe zalla tana jure wannan. Kada a sa bakinta a harshen wuta, zafin yana kashe taurin ƙarfen, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba.

Askin jariri ranar suna ya fi kowane aski buƙatar wannan kulawa. Uban yaro ya tanadi sabuwar reza a cikin takardarta, ko askar da aka tafasa a gabansa, ya miƙa wa wanzami da hannunsa. Kuma tun kafin ranar, a tabbata an kai jaririn asibiti ya karɓi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake so a yi cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Tun 2004 tana cikin alluran yara na yau da kullum a Najeriya.

Bayan an gama kowane aski, a shafa wa ƙarfen ɗigon man keken ɗinki ko basilin, a naɗe shi a busasshen tsumma ko kube, a ajiye a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Uwargida ta san inda take, kuma kowa a gidan ya san ba a yanka zare ko farce ko lemo da ita.

Kayan da ake buƙata duka ba su wuce yankin ƙirgi, da ƙyalle, da katako, da ɗigon mai ba, kuma dukansu ana samun su tsakanin Ajingi da Gaya. Abin da ya rage koyo ne. Ka fito da askar da ke adaka, ka kai wa maƙeri ya cire tsatsa ya fitar da baki, ka roƙi wani dattijon wanzami ya nuna maka riƙo da mirginawa, ka ba shi abin goro. In hannunka ya faɗa, ka koya wa ɗanka tun kafin gemunsa ya fito, tare da ƙa'idar da ba a sassautawa: askarsa tasa ce shi kaɗai. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.